Antoine de Saint-Exupéry

Antoine de Saint-Exupéry (an haife shi ranar 29 ga watan Yuni, 1900, ya ɓace ranar 31 ga watan Yuli, 1944) marubuci ne ɗan ƙasar Faransa, matuƙin jirgin sama, kuma hafsa a rundunar sojojin saman ƙasarsa. An fi saninsa a duniya da littafin Le Petit Prince, wato Ƙaramin Yarima, ɗaya daga cikin littattafan da aka fi fassarawa zuwa harsuna daban-daban. A fagen soja kuwa, sunansa yana haɗe da rukunin jiragen leƙen asiri mai lamba 2/33, inda ya yi aiki a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sau biyu hukumomi suna hana shi tuƙin jirgin yaƙi saboda shekaru da rashin lafiya, kuma duk lokacin ya yi ta fafutuka har aka ba shi dama a wannan rukuni. Yana kan aikin rukunin ne jirginsa ya faɗa Tekun Bahar Rum, yana da shekara 44.

Haihuwa da karatu

An haife shi a birnin Lyon, a gidan da ke da asalin sarauta amma ba shi da dukiya mai yawa. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Jean de Saint-Exupéry, ya rasu a shekarar 1904, sai mahaifiyarsa, Marie de Fonscolombe, ta rene su a gidajen dangi, musamman a garin Saint-Maurice-de-Rémens. Kusa da wannan gari akwai filin jirgin sama na Ambérieu, kuma a nan ne aka fara ɗaukarsa a jirgi a shekarar 1912, yana da shekara 12.

Ya yi karatu a makarantar limaman Katolika da ke Le Mans, sannan ya wuce wata makaranta a Fribourg ta ƙasar Suwizalan. Ƙanensa François ya rasu a 1917, rashin da ya daɗe yana damunsa. Ya nemi shiga kwalejin sojojin ruwa amma bai ci jarrabawar ba. Daga nan ya ɗan halarci darussan zanen gine-gine a Paris, bai kuma kammala ba.

Fara tuƙin jirgi

A shekarar 1921 aka kira shi aikin soja na wajibi, aka tura shi wata rundunar jiragen sama a Strasbourg a matsayin ma'aikacin ƙasa. Da kuɗin da mahaifiyarsa ta aiko masa ya biya aka koya masa tuƙi. Bayan haka aka kai shi Kasabalanka a Maroko, ya samu takardar shaidar matuƙin jirgin soja. A 1923 ya yi haɗari a filin Le Bourget kusa da Paris, ya samu tsagewa a ƙoƙon kai. Ya bar soja a wannan shekara, ya yi aikin ofis, ya kuma yi tallan manyan motoci, amma bai yi nasara a ko ɗaya ba. A 1926 aka buga gajeren labarinsa na farko a wata mujallar adabi.

Jigilar wasiƙu a Afirka da Kudancin Amurka

A ƙarshen 1926 ya samu aiki a kamfanin Latécoère, wanda daga baya ya koma Aéropostale. Kamfanin yana kai wasiƙu ta sama daga Toulouse zuwa Kasabalanka, sannan ya bi gaɓar teku har Dakar a Senegal. Jiragen wancan zamani ba su da ƙwari, injinsu yakan mutu a tsakiyar hanya, kuma matuƙin da ya sauka a hamada yakan faɗa hannun makiyayan yankin, waɗanda kan riƙe shi sai an biya fansa.

A 1927 aka naɗa shi shugaban zangon jirage na Cap Juby, wurin da yanzu ake kira Tarfaya a kudancin Maroko, wanda a lokacin yake ƙarƙashin ikon Sifaniya. Ya yi kimanin wata 18 a can, yana neman matuƙan da suka ɓace, yana kuma sasantawa da shugabannin makiyaya don a sako waɗanda aka kama. Saboda wannan aiki aka ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a 1930. A can ne ya rubuta littafinsa na farko, Courrier sud, wanda ya fito a 1929.

A wannan shekara aka tura shi Buenos Aires ya jagoranci reshen kamfanin a Ajantina, inda ya buɗe hanyar jirage zuwa yankin Patagoniya. Littafinsa na biyu, Vol de nuit, wanda ya ba da labarin jigilar wasiƙu cikin dare, ya samu kyautar Femina a 1931. A wannan shekara ya auri Consuelo Suncín, 'yar ƙasar El Salvador. Ba su samu haihuwa ba.

Haɗurra da aikin jarida

Bayan da Aéropostale ya durƙushe, Saint-Exupéry ya yi aikin gwajin sababbin jirage da kuma aikin jarida. Ya aiko da rahotanni daga Mosko a 1935, da kuma fagen yaƙin basasar Sifaniya a 1936 da 1937.

Ranar 30 ga watan Disamba, 1935, yana ƙoƙarin kafa tarihin sauri daga Paris zuwa Saigon, jirginsa ya faɗi a hamadar da ke yammacin kogin Nilu a Masar. Shi da makanikensa André Prévot sun tsira da rai, amma ba su da ruwan kirki. Sun yi ta gararamba cikin ƙishirwa har rana ta huɗu, sai wani Balaraben ƙauye da ke tafe da raƙuma ya tsince su. A watan Fabrairun 1938 ya sake yin mummunan haɗari a Guatemala, ya karye a wurare da dama, kuma jikinsa bai sake komawa daidai ba. Abubuwan da ya gani a waɗannan shekaru su ne ya tattara a littafin Terre des hommes na 1939, wanda ya samu babbar kyautar Cibiyar Harshen Faransanci da kuma kyautar littafi ta ƙasa a Amurka.

Rukunin 2/33 da irin aikinsa

A tsarin sojojin saman Faransa na wancan lokaci, lambar 2/33 tana nufin rukuni na biyu a cikin runduna ta 33. Kafin yaƙi mazauninsa yana Nancy, a gabashin ƙasar. Rukunin yana da sassa biyu, kowanne ya gaji tambarin wani sashe na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗaya yana da tambarin gatari, wanda asalinsa sashe ne da aka kafa a 1914, ɗayan kuma yana da tambarin tsuntsun teku. A sashen gatari ne Saint-Exupéry ya yi aiki.

Aikin rukunin shi ne leƙen asiri mai nisan zango. Jirgi guda yakan tashi shi kaɗai, ya shiga can cikin yankin abokan gaba, ya ɗauko hotunan gadoji, tashoshin jirgin ƙasa, filayen jiragen sama da inda sojoji suke taruwa. Idan ya dawo sai a wanke hotunan, masana su duba, a aika wa manyan hafsoshi sakamakon. Ba a aika irin wannan jirgi don ya yi faɗa ba. Nasararsa ita ce ya dawo da hotunan, kuma kariyarsa ita ce sauri da tashi sama ƙwarai. A 1939 rukunin yana amfani da jiragen Potez 63, masu ɗaukar mutum uku: matuƙi, mai duba ƙasa da ɗaukar hoto, da mai bindiga a baya. Waɗannan jirage ba su kai jiragen farautar Jamus sauri ba.

Yaƙin 1940 da tafiyar Arras

Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumban 1939, an kira Saint-Exupéry da muƙamin kyaftin, amma likitoci suka ce bai cancanci zuwa fagen daga ba, aka ajiye shi a Toulouse yana koyarwa. Abokansa sun so ya karɓi aikin ofis don kada ƙasar ta rasa marubucinta, shi kuwa ya ƙi. Ya bi ta hannun manya har aka tura shi rukunin 2/33 a ƙarshen shekarar, lokacin da rukunin yake ƙauyen Orconte a lardin Marne. Ya sauka a ɗaki guda a gidan wani manomi. Sanyin wannan hunturu ya yi tsanani, har bindigogi da wasu na'urorin jirgi suna daskarewa a sama, kuma yana cikin waɗanda suka nemi hanyar magance matsalar.

A watan Maris na 1940 rukunin ya fara karɓar sabon jirgi mai suna Bloch 174, wanda ya fi Potez sauri, kuma da shi ne Saint-Exupéry ya yi tafiyar yaƙi ta farko a ƙarshen watan. Ranar 10 ga watan Mayu Jamus ta afka wa Faransa. Sojojin ƙasa suka yi ta ja da baya, rukunin ya riƙa ƙaura daga wannan fili zuwa wancan ƙarƙashin jagorancin Manjo Henri Alias. Sau da yawa labarin da aka saida rai aka samo bai amfani kowa ba, domin kafin ya isa hedikwata fagen yaƙin ya riga ya sauya. Bisa lissafin da Saint-Exupéry ya bayar a littafinsa, daga cikin tawagar jirgi 23 da rukunin yake da su, an rasa 17 cikin mako uku.

Ranar 23 ga watan Mayu aka tura shi ya gano inda tankokin Jamus suke a kewayen birnin Arras. Yana tare da Laftanar Jean Dutertre a matsayin mai duba ƙasa, da Saje André Mot a kan bindiga. Aikin ya tilasta musu sauka ƙasa-ƙasa, inda bindigogin kakkaɓo jirage suka yi musu ruwan wuta, suka huda jirgin, amma su ukun suka dawo lafiya. Daga sama ya ga hanyoyi cike maƙil da fararen hula masu gudun hijira. An ba shi lambar yabo ta yaƙi saboda wannan tafiya.

Ranar 20 ga watan Yuni, kwana biyu kafin Faransa ta sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta, ya tuƙa wani babban jirgin Farman mai inji huɗu daga Bordeaux zuwa Aljeriya, ɗauke da mutane da kayan aiki. Rukunin ya ci gaba da zama a Arewacin Afirka, shi kuma aka sallame shi daga soja.

Zama a Amurka

Ya bi ta Lisbon ya isa New York a ranar ƙarshe ta shekarar 1940. Burinsa shi ne ya ja hankalin Amurkawa su shiga yaƙin. A watan Fabrairun 1942 ya fitar da Pilote de guerre, wato Matuƙin Yaƙi, wanda ya ginu a kan tafiyar Arras, kuma ya ambaci abokan aikinsa na rukunin da sunayensu. Littafin ya samu karɓuwa sosai a Amurka. An buga shi a Faransa a ƙarshen shekarar, amma ba a jima ba aka haramta shi, musamman saboda ya yaba wa jarumtar Laftanar Jean Israël, abokin aikinsa Bayahude, a lokacin da ake farautar Yahudawa a ƙasar.

Zamansa a Amurka bai yi masa daɗi ba. Gwamnatin Vichy mai haɗa kai da Jamus ta sa sunansa a wata majalisa ba tare da saninsa ba, ya fito fili ya ƙi amincewa. Haka kuma ya ƙi bin Janar Charles de Gaulle, domin yana tsoron rabuwar kan Faransawa. Wannan ya jawo masa zargi daga ɓangarorin biyu. Cikin wannan hali ya rubuta Le Petit Prince, ya zana hotunansa da hannunsa, ya sadaukar da shi ga amininsa Léon Werth. Littafin ya fito a New York a watan Afrilun 1943, kuma a wannan wata marubucin ya shiga jirgin ruwan sojojin Amurka zuwa Aljeriya.

Komawa rukunin

Bayan da sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka a watan Nuwamban 1942, rukunin 2/33 ya koma yaƙi a ɓangarensu. Saint-Exupéry ya tarar da tsofaffin abokansa a Laghouat a watan Mayun 1943. Sashensa ya shiga ƙarƙashin rundunar ɗaukar hoto ta Amurka wadda Kanal Elliott Roosevelt, ɗan shugaban Amurka na lokacin, yake jagoranta, kuma aka ba shi jiragen Lightning ƙirar kamfanin Lockheed.

Wannan jirgi ya sha bamban da Bloch 174. Yana da inji biyu, amma mutum ɗaya tal yake ɗauka. A samfurin leƙen asiri an cire bindigogin da ke hancinsa an sa kyamarori, saboda haka ba shi da makami ko kaɗan. Matuƙin shi ne mai tuƙi, shi ne mai neman hanya, shi ne mai ɗaukar hoto, yana tafiyar awa da dama a tsayin kusan mita 10,000 cikin sanyi, yana shaƙar iskar oksijin ta bututu. Saint-Exupéry ya kusa cika shekara 43, ya zarce ƙa'idar shekarun da aka gindaya wa matuƙan jirgin nesa ba kusa ba. Tsofaffin karaya sun sa sai an taimaka masa yake iya sa kayan tuƙi, kuma bai iya Turanci ba, alhali da shi ake magana a rediyon filayen jirgin. Duk da haka aka yi masa izini na musamman, ya yi horo a Oujda ta Maroko, aka ƙara masa girma zuwa manjo.

Ranar 21 ga watan Yuli, 1943, ya tashi daga La Marsa a Tunisiya ya ɗauko hotunan kudancin Faransa. A tafiya ta biyu, ranar 1 ga watan Agusta, inji ya ba shi matsala, ya juyo, ya zarce iyakar fili wajen sauka, jirgin ya lalace. Hafsoshin Amurka suka dakatar da shi. Ya shafe fiye da wata takwas, akasari a birnin Aljiyas, cikin ɓacin rai, yana aikin littafin Citadelle yana kuma bin ofisoshi. A ƙarshe Janar Ira Eaker, shugaban sojojin saman ƙawance a yankin Bahar Rum, ya amince ya yi tafiya biyar kacal.

A watan Mayun 1944 ya koma sashensa a Alghero da ke tsibirin Sardiniya, ƙarƙashin Kyaftin René Gavoille, abokinsa tun zamanin Orconte. Ranar 29 ga watan Yuni, ranar da ya cika shekara 44, inji ɗaya ya mutu masa a sararin Faransa, ya dawo ta saman arewacin Italiya da inji guda. A watan Yuli sashen ya koma Borgo, kusa da Bastia a tsibirin Kosika. Zuwa lokacin ya riga ya wuce tafiya biyar da aka ɗiba masa.

Tafiyar ƙarshe

Sojojin ƙawance suna shirin sauka a gaɓar kudancin Faransa, abin da ya auku ranar 15 ga watan Agusta, 1944, kuma suna buƙatar hotunan hanyoyin da Jamus za ta iya kawo ɗauki ta cikinsu. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa shugabanninsa sun yi niyyar sanar da shi sirrin shirin, domin doka ta hana wanda ya san sirrin tashi a saman yankin abokan gaba, ta haka za su ajiye shi ba tare da sun ci masa fuska ba. Ba a kai ga yin hakan ba.

Da safiyar ranar 31 ga watan Yuli ya tashi daga Borgo a jirgi mai lamba 223, don ɗaukar hotunan yankin Grenoble da Annecy. Man jirgin zai kai shi kimanin awa shida. Azahar ta yi bai dawo ba, ba a kuma ji muryarsa a rediyo ba, sai aka rubuta shi a cikin waɗanda suka ɓace. A 1948 hukuma ta sanya shi cikin waɗanda suka mutu saboda Faransa.

Gano tarkacen jirgin

An yi fiye da shekara 50 ba a san inda jirgin ya faɗi ba. A watan Satumban 1998 wani masunci mai suna Jean-Claude Bianco ya tsinci munduwar azurfa a cikin komarsa a tekun da ke kudu da Marseille, an zana mata sunan Saint-Exupéry, da na matarsa, da adireshin kamfanin da ke buga littattafansa a New York. A shekarar 2000 wani mai ninƙaya, Luc Vanrell, ya gano tarkacen wani jirgin Lightning a ƙasan teku kusa da tsibirin Riou. An tsamo sassan a 2003, kuma a watan Afrilun 2004 hukumomi suka tabbatar, ta hanyar lambar da ke jikin ƙarfen, cewa jirginsa ne. Ana ajiye da su a gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget.

Tarkacen bai nuna musabbabin faɗuwar ba. A 2008 wani tsohon matuƙin jirgin yaƙin Jamus, Horst Rippert, ya yi iƙirarin cewa shi ya harbo shi, sai dai babu takardar wancan lokaci da ta tabbatar da maganarsa. Masu bincike sun kuma kawo yiwuwar lalacewar inji ko yankewar iskar oksijin.

Rukunin bayan rasuwarsa

Rukunin 2/33, wanda aka laƙaba wa sunan Savoie, ya shiga Faransa tare da sojojin ƙawance ya ci gaba da aiki har ƙarshen yaƙi. A 1945 sashen gatari ya zama tushen wani rukuni mai lamba 1/33 da ake kira Belfort. Daga baya rukunonin biyu sun yi amfani da jiragen Mirage na leƙen asiri, kuma Savoie ne ya tuƙa na ƙarshensu har 2014. Belfort kuwa ya koma aiki da jirage marasa matuƙi daga sansanin Cognac. Jiragensa sun yi aiki daga Yamai a Jamhuriyar Nijar tun daga 2013, lokacin da Faransa ta shiga yaƙin Mali, har zuwa ficewar sojojin Faransa daga Nijar a 2023.

Tunawa da shi

An buga Le Petit Prince a Faransa a 1946, sannan Citadelle, wanda bai kammala ba, ya fito a 1948. Akwai rubutun tunawa da shi a ginin Panthéon na Paris. An sa hotonsa a takardar kuɗi ta faran 50, wadda aka yi amfani da ita har zuwan kuɗin Yuro. A shekarar 2000, cikar shekara 100 da haihuwarsa, aka sa wa filin jirgin saman Lyon sunansa, kuma a garin Tarfaya akwai gidan tarihi da aka keɓe masa.

Littattafansa

Courrier sud, 1929
Vol de nuit, 1931
Terre des hommes, 1939
Pilote de guerre, 1942
Le Petit Prince, 1943
Lettre à un otage, 1943
Citadelle, 1948